Asalin Sunan Zuri'ar Chen da Yaɗuwarsa

A wurin Sinawa sunan zuri'a ne ke gabatar sunan yanka, kuma ɗa yana gadonsa daga uba tamkar gona. Chen yana cikin sunaye biyar da suka fi yawan jama'a a ƙasar Sin. Alama ɗaya ce ake rubuta shi da ita tun zamanin da, wato 陳, amma faɗarsa ta sha bamban daga lardi zuwa lardi. Tarihin ƙaura ne ke bayyana dalilin haka.

1. Asali

Wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa, gidan Zhou ya kayar da daular Shang. Sarki Wu ya aurar da babbar ƴarsa ga Gui Man, wanda ake dangantawa da tsohon sarki Shun, ya naɗa shi sarautar ƙasar Chen, inda Huaiyang take a yau cikin lardin Henan. Wajen 479 kafin haihuwar Annabi Isa ƙasar Chu ta cinye ta. Ƙasa ta mutu, sunanta ya saura a kan jikokin sarakunanta.

Sai dai suna daban, jini daban. Yarima Chen Wan, wanda ya gudu ƙasar Qi a 672 kafin haihuwar Annabi Isa, zuri'arsa ta koma amsa sunan Tian. A ɗaya gefen, a 496 miladiyya Sarki Xiaowen na daular Wei ta Arewa ya umarci ƙabilarsa ta Xianbei da ta ɗauki sunayen Sinanci, sai gidan Houmochen ya taƙaita nasa ya zama Chen.

2. Gangarawa kudu

Bayan faɗuwar birnin Luoyang a 311, manyan gidajen arewa suka ƙetare kogin Yangzi don tsira daga yaƙi. Cikin kudu ne Chen Baxian ya kafa daular Chen, wadda ta yi mulki daga 557 zuwa 589 a birnin da ake kira Nanjing yanzu. A 669 daular Tang ta aika jarumi Chen Zheng da mayaƙa zuwa Fujian; da roƙon ɗansa Chen Yuanguang aka kafa gundumar Zhangzhou a 686. Daga gaɓar Fujian mutane suka haye teku zuwa Taiwan tun ƙarni na 17, sa'annan a ƙarni na 19 ƴan ci-rani suka malala kudu maso gabashin Asiya. Shi ya sa sunan da aka haifa a Henan ya fi ƙarfi a bakin teku: a Taiwan kusan mutum ɗaya cikin tara Chen ne.

3. Faɗa da rubutu

Kowane ayari ya tafi da karin harshensa. Mutumin Beijing ya ce Chen, na Kanton da Hong Kong ya ce Chan, na kudancin Fujian da Singafo ya ce Tan, Bahakke ya ce Chin. A Biyetnam, inda gidan ya yi sarauta daga 1225 zuwa 1400, Trần ake cewa. Muddin da alamar Sinanci ake rubutu, wannan bambanci bai fitowa a takarda, domin kowa na karanta ta da bakin garinsu.

Da aka shiga rubutawa da baƙaƙen boko, ma'aikatan mulkin mallaka suka sa wa kowa abin da kunnensu ya ji. Tsarin pinyin, wanda Sin ta amince da shi a 1958, ya tsayar da Chen bisa karin Beijing, amma bai shafe Chan da Tan daga takardun shaidar mazauna ƙetare ba. Saboda haka mai ƙidayar da ya bi baƙaƙen boko kaɗai zai lissafa suna huɗu ko biyar inda littattafan nasaba suka san ɗaya. Rubutun da ke bin sauti yana kusa da bakin mai magana, amma in ba a daidaita ƙa'idarsa tun farko ba, yakan raba abin da tarihi ya haɗa.