TARIHIN MAKO: Zakin Da Ya Saura A Hoto



Duk wanda ya taɓa shiga gidan zu na Audu Bako a Kano da Sallah ya ga yadda ake turereniya a gaban kejin zaki, kowa da wayarsa a sama. Yau ɗaukar hoton zaki aikin daƙiƙa ɗaya ne. A da kuwa sai an yi gumi.

Gidan zu na Landan ya buɗe a 1828, tun kafin kyamara ta shiga hannun jama'a. Daga 1851 masu hoto sun koma aiki da faranti na gilashi da ake shafa wa sinadari, kuma dole a ɗauki hoton a wanke shi kafin farantin ya bushe, wato cikin kamar minti goma. Sannan dabbar sai ta tsaya cik, in ta motsa hoto ya lalace. Shi ya sa hoton da ya fi shahara a wancan lokaci, na 1852, na wata dorina ce tana kwance. Zaki da damisa kuwa sai kai da kawowa suke a keji, don haka mai hoto kan jira har barci ya ɗauke su.

Da aka samu busassun faranti masu saurin kama haske, sai lamarin ya canza. A 1885 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gidan zu na Filadelfiya a Amurka, ya ɗauki zaki da damisa suna tafiya, taku bayan taku. Aikin ya fito a 1887 cikin shafuka 781 na hotunan mutane da dabbobi.

Abin da masu hoton nan ba su sani ba shi ne, wasu dabbobin da suke ɗauka suna gab da ƙarewa. Akwai hoton damisa mai ratsi-ratsi ta yankin Tekun Kasfiya da aka ɗauka a gidan zu na Balin, Jamus, a 1899. Irinta sun yi yawo daga Turkiyya zuwa Iran har tsakiyar Asiya. Daga wajejen 1970 aka daina ganinsu, yau babu ko ɗaya. Haka zakin duwatsun Atlas na Arewacin Afirka: an harbe ɗaya daga cikin na ƙarshe a Maroko a 1942, kuma yawancin hotunansa da rai a bayan ƙarfe aka ɗauke su. Farauta da noma da sare daji suka cinye su, hoto ya saura shaida.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya duba gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, a wurare 4 kacal aka tarar da zaki: Yankari, Kainji, Niokolo-Koba a Senegal, sai yankin W-Arly-Pendjari da ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. Duka-duka an ƙiyasta kimanin 400.

Kakanninmu sun san zaki a daji, suka sa shi cikin tatsuniya da kirarin sarakuna. Mu a keji muka san shi. In ba a kula da dazukan nan ba, jikokinmu a waya kawai za su gan shi, kamar yadda muke kallon hoton Balin.

Wa ke da tsohon hoton zaki a gida, na Kano ko Jos ko Yamai? Ya ɗora mana a ƙasa da shekarar da aka ɗauka. Allah Ya kai mu mako mai zuwa.