Mamman Sani da Kiɗan Fiyanon Lantarki a Nijar

Mamman Sani Abdoulaye makaɗi ne ɗan Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi fice wajen kaɗa amon waƙoƙin gargajiya da fiyanon lantarki, kiɗa zalla ba tare da muryar mawaƙi ba.

Yana aiki da Hukumar UNESCO ne lokacin da ya sayi fiyano ƙirar Orla ta ƙasar Italiya daga hannun wani wakilin Ruwanda. Da shi ya riƙa ɗauko karin waƙoƙin makiyaya, na Fulanin Bororo da na Abzinawa, yana sake zuba su a hankali bisa bugun ganga da na'urar ke fitarwa da kanta. Amon baƙo ne, amma duk wanda ya tashi a Sahel zai gane karin da jin farko.

A 1978 ya naɗi kundinsa na farko a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka fitar da shi a kaset kaɗan. A wannan shekarar ce kuma aka kafa ƙungiyar Yellow Magic Orchestra a Tokyo, ta Haruomi Hosono da Ryuichi Sakamoto da Yukihiro Takahashi, wadda ta haɗa kiɗan lantarki da karin Gabashin Asiya har sunanta ya kai Amurka da Turai. Mamman Sani bai samu irin wannan gatan ba. Rediyo da talabijin na Nijar sun shafe shekaru suna saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, jama'a suka haddace shi, amma kaset ɗin ya yi wuyar samu.

Wani Ba'amurke mai neman tsofaffin kaɗe-kaɗe, Christopher Kirkley, ya ci karo da kwafi ɗaya a wata ma'ajiya a Yamai. Kamfaninsa, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger, sannan kundin Taaritt ya biyo a 2014.

A Najeriya fiyanon Japan ne ya samu wurin zama, musamman ƙirar Yamaha da Casio. Shi ne ginshiƙin kiɗan finafinan Hausa a Kano, ana kuma jin sa tare da ganguna a majami'u da bukukuwan aure na yankin Kafanchan. Sai dai a nan rakiyar mawaƙi yake yi, ba kasafai ake barin sa ya ɗauki waƙar shi kaɗai ba.