Dokokin Tuƙi da Zirga-zirga a Kan Iyakar Jibiya

Kan iyakar Jibiya mashiga ce ta ƙasa tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Tana Magama Jibiya, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, kuma ita ce babbar ƙofar da ta haɗa birnin Katsina da birnin Maraɗi. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiyar sama da kilomita 40 ce. Wanda ya tsallaka zai fara isa Ɗan Isa, a yankin Madarunfa na jihar Maraɗi, inda jami'an Nijar suke duba takardu. Ƙaramar hukumar Jibiya tana da faɗin murabba'in kilomita 1,037, da mutane 169,748 a ƙidayar shekarar 2006.

Dokokin da suka shafi tuƙi, ajiye mota da tafiya a ƙafa a wannan wuri ba daga hannu ɗaya suka fito ba. Akwai na tarayyar Najeriya, akwai na jihar Katsina, akwai na Nijar, sannan akwai yarjejeniyoyin ƙungiyar ECOWAS. Direban da ya tashi daga tashar Katsina zuwa Maraɗi yana ratsa dukkansu cikin sa'o'i kaɗan.

Yanayin wurin

Kalmar "magama" ta samo asali ne daga aikatau "gama", wato wurin da abubuwa biyu ko fiye suka haɗu, kamar yadda ake cewa mahaɗa ko mararraba. Sunan ya dace da wurin. A nan ne hanyar da ta taso daga Katsina take rabuwa: reshe ɗaya ya shiga garin Jibiya ya wuce Gurbin Ɓaure zuwa Zurmi a jihar Zamfara, ɗayan kuma ya yi arewa zuwa Nijar. Saboda haka manyan motocin kaya, motocin haya, babura, amalanke da masu tafiya a ƙafa duk titi ɗaya suke bi. Ranar Lahadi, da kasuwar Jibiya take ci, cunkoson yakan ninka.

Mutanen ɓangarorin biyu Hausawa ne masu dangantaka ta jini da auratayya, kuma masarautar Maraɗi ma zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. Layin iyakar kuwa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20. Wannan ya sa mutane da yawa suke ɗaukar tsallaka iyakar tamkar zuwa unguwa, alhali a idon doka shiga wata ƙasa ce.

Hukumomin da ke kula da hanya

A ɓangaren Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ke da alhakin manyan hanyoyin tarayya. An kafa ta a shekarar 1988, kuma tana aiki ne da dokar da ta sake kafa ta a 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012. Lambar kiran gaggawarta ita ce 122. Jihar Katsina tana da tata hukumar, KASSAROTA, ga kuma jami'an duba lafiyar motoci da aka fi sani da VIO. Kwastam suna duba kaya da takardun shigo da mota, jami'an shige da fice suna duba mutane, 'yan sanda da sojoji kuma suna kula da tsaro. Lodin fasinja a tasha yana hannun ƙungiyar direbobi ta NURTW.

A ɓangaren Nijar akwai 'yan sanda, jandarmomi da duwan, wato takwarorin kwastam. Kalmomin nan biyu daga Faransanci Hausar Nijar ta aro su, kamar yadda Hausar Najeriya ta aro "kwastam" da "lasisi" daga Ingilishi. Haka nan babur ɗin haya da ake kira acaɓa a Katsina, a Maraɗi kabu-kabu ake ce masa. Matafiyin da ya san kalmomin ɓangarorin biyu yakan fi saurin gane abin da jami'i yake tambayarsa.

Tuƙi

A ƙasashen biyu hannun dama ake bi, don haka direba ba ya sauya hannu idan ya tsallaka. Ba haka abin yake ba a da. Najeriya ta gaji tuƙin hannun hagu daga Ingila, sai a ranar 2 ga Afrilun 1972 ta koma hannun dama, kuma dacewa da maƙwabtanta masu bin tsarin Faransa yana cikin dalilan sauyin.

Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya ƙayyade gudu bisa irin mota da irin hanya. A cikin gari, ƙaramar mota da motar haya ba za su wuce kilomita 50 a sa'a ba, tirela da tanka kuma kilomita 45. A babbar hanya ta bayan gari, ƙaramar mota da motar haya suna da kilomita 80, tirela da tanka 50, babur ma 50. Gudun kilomita 100 da direbobi da yawa suke ɗauka a matsayin na kowace hanya, na ƙananan motoci ne a kan manyan tagwayen hanyoyi kaɗai. Magama da garin Jibiya, inda gidaje da shaguna suke dab da kwalta, suna cikin wuraren da iyakar kilomita 50 ta shafa.

Bambancin waɗannan alƙaluma ba ƙarami ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, mai gudun 50 kuma kusan mita 14. Kafin direba ya ga yaro ya fito daga bayan tirela, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, motar ta riga ta ci waɗannan mitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙafa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. A rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutane miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur, kuma yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne. Ba a ba da lasisi sai ga wanda ya kai shekara 18. Ɗaura bel wajibi ne, kuma an fara tilasta shi a ranar 1 ga Janairun 2003. Hular kwano ga mai babur da wanda ya goya ta zama dole daga 1 ga Janairun 2009, ko da yake wannan doka ce da ba kasafai ake ganin ana bin ta a hanyoyin karkara ba. An hana amsa waya ana tuƙi, an hana ɗora yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a kujerar gaba, kuma ana buƙatar kowace mota ta riƙe safayar taya, tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙera taya a matsayin wa'adinta, abin da ya shafi wannan hanya sosai saboda zafin kwalta a watannin bazara yana fasa tsohuwar taya, musamman idan an yi wa motar lodin da ya wuce kima. Cusa fasinja biyu a kujerar gaba da ɗora buhuna har but ya kasa rufuwa duk laifi ne a doka, duk da cewa ido ya saba da su.

Hanyar Katsina zuwa Jibiya ta yi suna wajen yawan shingayen bincike, kuma 'yan kasuwa da direbobi sun daɗe suna kokawa kan jinkiri da kuɗin da ake karɓa a wasu daga ciki. Ta fuskar kiyaye haɗari, shingen yana da tasa matsalar: mota takan tsaya ba zato, na baya kuma yana tafe a guje. Abin da aka saba shi ne direba ya rage gudu tun daga nesa, ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa, da dare kuma ya rage hasken fitila ya kunna ta cikin mota. Masu fasa-ƙwauri da ke gudun kauce wa jami'ai, da motocin da ke bin su, sun sha jefa mutanen gefen hanya cikin haɗari. A watan Agustan 2021 wata motar sintirin kwastam ta afka wa jama'a a garin Jibiya, mutane da dama suka rasu, lamarin da ya jawo fushin mazauna garin da na gwamnatin jiha.

Ajiye mota

Ƙa'idojin Najeriya sun hana ajiye mota a kan mararraba, a kwana, a kan gada, a kan tudun da ba a hango gaba, da kuma wurin tsallakar masu ƙafa. A kan iyaka matsalar ta fi fitowa daga manyan motoci, domin tirelar da ke jiran a kammala mata takardu takan kwana ɗaya ko fiye, kuma idan fili ya cika sai a jera su a kafaɗar titi. Layin tireloli yana matse hanya, yana tare wa direba ganin mai tsallakawa, yana kuma tura masu ƙafa su hau kwalta. Motar da ta lalace a kan hanya ana so a janye ta gefe a kafa alamar gargaɗi a bayanta. Al'adar jera duwatsu ko rassan itace maimakon alamar tana da illa, don sau da yawa akan tafi a bar duwatsun, mai babur ya zo da dare ya ci karo da su. Tankar mai kuwa ba a ajiye ta kusa da masu shayi, masu tsire ko duk inda ake hura wuta.

Tafiya a ƙafa

Inda babu hanyar masu ƙafa, ƙa'ida ita ce mutum ya bi gefen hagu, yana fuskantar motocin da ke tahowa, domin ya ga abin da ke nufo shi. Idan ayari ne, a bi sahu ɗaya. Mai tsallakawa zai duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, saboda motar da ta fi kusa da shi daga hagu take fitowa. Kada a ɓullo daga tsakanin motocin da ke tsaye, kada kuma a kwanta a inuwar ƙarƙashin tirela, abin da yaran mota da masu talla sukan yi da tsakar rana. Da dare da lokacin hazon hunturu, tufafi masu haske suna taimaka wa direba ya hango mutum.

Takardu

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90, muddin suna da takardar tafiya da katin allurar rigakafi. A 1982 aka kafa tsarin inshorar ƙungiyar mai suna Brown Card, wanda ke biyan diyya ga wanda baƙuwar mota ta yi wa ɓarna. Direba yana buƙatar lasisi, takardun mallakar mota, inshora da takardar izinin shigar da motar na ɗan lokaci daga duwan. Nijar ta fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso, amma ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai an yanke wata shawara.

Cikin masu yawan bin wannan mashiga akwai ɗalibai 'yan Najeriya da ke karatu a Maraɗi, misali a Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013. A birnin kuma akwai jami'ar gwamnati ta Ɗan Dikko Ɗankulodo. Katin makaranta ba ya maye gurbin takardar tafiya.

Rufe iyaka da dokokin tsaro

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya taɓa Jibiya kai tsaye. Lokacin da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, wato Seme, Illela, Maigatari da Mfum, ba a haɗa da Jibiya ba. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta tare da Idiroko, Kamba da Ikom. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sannan Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa a Maris ɗin 2024. A duk lokacin da aka rufe babbar ƙofa, zirga-zirga takan koma ɓarauniyar hanya a kan babura, inda babu kwalta, babu alama, babu kuma mai kai ɗauki idan an yi haɗari.

Matsalar 'yan bindiga ma ta kawo nata dokokin. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar da ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana mutum uku hawa babur ɗaya, ta hana sayar da mai a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Daga baya an sassauta wasu daga cikin matakan.

Layin dogo

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil yake yi. An tsara layin zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar, kuma ana sa ran zai ɗauke wani kaso na kayan da tireloli suke dakonsu a kan wannan hanya.