Me ya sa iPad bai kashe Kindle ba?

1/ Masu tambayata ko tablet za su saya ko Kindle don karatu, wannan gardamar ta daɗe. Mu ɗan koma baya.

2/ A 2004 Sony ta fitar da Librie a Japan, mai allon E Ink, fasahar da ta samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka. A 2007 Amazon ta kawo Kindle kan dala 399, cikin awa biyar da rabi aka saye shi tas.

3/ Da iPad ya fito a 2010, aka ce shi ke nan, Kindle ya mutu. Amazon ta zaftare farashi daga dala 259 zuwa 189. A 2011 ma ta fitar da nata tablet ɗin, Kindle Fire.

4/ Amma bai mutu ba. Allon E Ink sai an juya shafi yake jan wuta, shi ya sa caji ɗaya ke kai ka makonni. Duk wanda aka ɗauke wa wuta a daren jarrabawa ya san darajar wannan. Ga shi babu WhatsApp da zai leƙo ka.

5/ Sai dai fa don zunzurutun rubutu aka ƙera shi, irin littafin labari. PDF ɗin lakca mai zane da jadawali a allo inci 6? Wallahi azaba ce. In kwas za ka karanta, ni dai tablet zan ce ka saya.