Karachi zuwa Daka: Yadda Tafiyar Awa Uku Ta Ninka a 1971

Yau kudancin Asiya za mu leƙa.

Da Turawan Ingila suka raba Indiya a 1947, Pakistan ta fito gida biyu: ta Yamma, inda Karachi take, da ta Gabas, inda Daka take. Tsakaninsu kuwa ƙasar Indiya ce shimfiɗe, kusan kilomita 1,600. Ƙasarku ɗaya, amma ba ka isa ka je ɗaya ɓangaren ba sai ka ratsa sararin samaniyar maƙwabcin da kuke gaba da shi, ko ka zagaya ta teku.

Daga Karachi zuwa Daka kai tsaye kusan kilomita 2,400 ne, wato kusan ninki uku na nisan Kano da Legas ta sama. Jiragen kamfanin PIA kan yi tafiyar cikin awa uku da ɗoriya.

To, ran 30 ga Janairun 1971 wasu matasa biyu 'yan Kashmir suka yi fashin wani jirgin Indiya mai suna Ganga bayan ya tashi daga Srinagar, suka kai shi Lahore. Fasinjoji sun tsira, amma bayan kwana uku aka banka wa jirgin wuta. Indiya ta ce shi ke nan, jirgin Pakistan ba zai ƙara bi ta samanta ba. Dole sai a gangara kudu, a zagaye Indiya, a sauka Kolombo ta Sri Lanka a sha mai, sannan a sake nufar arewa. Hanya ta haura kilomita 4,500, lokaci ya ninka.

Ku lura da lokacin da abin ya faru. Wata biyu kacal kafin nan aka yi zaɓe, jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman, mutumin Gabas, ta ci kujeru 160 cikin 300. Janar Yahya Khan ya ƙi miƙa mulki. Ni dai a nan nake ganin ƙasar ta tsage, tun kafin maganar jirgi. An ce wa mutane su yi zaɓe, sun yi, sai aka aiko musu sojoji. Ta wannan doguwar hanyar ta Kolombo aka riƙa jigilar su, kuma a daren 25 ga Maris suka far wa Daka, har da ɗaliban jami'a a ɗakunan kwanansu.

Sai dai kowane soja, kowane akwatin harsashi, sai ya sha wannan zagayen kafin ya iso, alhali 'yan gwagwarmayar Bengal a gida suke, Indiya kuma na bakin iyaka tana ba su horo da makamai. Da yaƙi ya ɓarke da Indiya a Disamba, sama da teku duk suka toshe. Ran 16 ga Disamba rundunar Pakistan ta miƙa wuya a Daka, aka kama mutum wajen 90,000, Pakistan ta Gabas ta zama Bangladesh.