Daga Sirdin Doki zuwa Kujerar Mota

Tun kafin mota ta shigo ƙasar Dutse, al'amarin fatar da ake zama a kanta yana hannun majema da dukawa, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Majemi yakan jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare ta, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, sa'an nan ya murza ta da man gyaɗa, ya shanya ta a inuwa, domin ya san rana mai ƙuna takan tsotse danshinta ta bar ta a ƙandare. Irin wannan jar fata ce ayarin fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita daga Kano, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, alhali kuwa asalinta ƙasar Hausa ne.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama helkwata, sai ma'aikata suka cika unguwanni irin su Yalwawa da motoci. Ma'abocin sabuwar mota yakan ga fatar kujerarsa ta yamutse ya ɗauka aibi ne, alhali ɗabi'ar fata ce ta miƙe da nauyi da zafi, kamar yadda sabon sirdi kan yi kafin ya saba da mahayinsa. Haƙiƙa abin da badukun zamanin da ya sani bai tsufa ba: a raba ta da rana, a goge ƙurar hunturu, a shafa mata man da aka yi dominta kaɗan-kaɗan.