Dala: sunan ya tsaya, azurfar tana ƙarewa

Kullum a kasuwa muna cewa dala ashirin, dala ɗari. To mi ne ne dala, kuma daga ina ta zo?

Kakanninmu da wuri sunka yi ciniki, har ma kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi. Baya ga wuri akwai wata azurfa mai hoton mace da Larabawa ke ketowa da ita Sahara daga Tarabulus. Sunanta talar, kuma matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Otirish, wadda ta rasu a 1780. Talar da dalar Amurka da dalarmu duk tushen suna guda ne. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan azurfa kan wuri 2500.

Da Faransawa sunka zo suna karɓar lanho da kuɗinsu, babban ƙarfensu na azurfa tamma biyar ne, giram 25, kusan girman talar mai giram 28. Sai mutane sunka liƙa mashi sunan da sunka sani. Shi ya sa har gobe tamma biyar ita ce dala guda, ko da yake an ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, an kuma karya darajarta da rabi a Janairu 1994.

A Turai akwai masu tara tsohin kuɗi, suna da littattafai da kundayen gwanjo inda anka sa hoton kowane ƙarfe da nauyinshi da farashin da anka saye shi. Kundin Krause na Amurka ya fara fitowa a 1972. A Faransanci akwai littafin Jean Lecompte kan kuɗin ƙasashen da Faransa ta mallaka. Cikin irin waɗannan kundaye ne za ka ga zinariyar Nijar mai hoton Diori Hamani da shekarar 1960, wadda ba ta taɓa yawo a kasuwanninmu ba.

Abin da kundayen ke koya muna guda biyu ne. Na farko, ganin 1780 bisa azurfa ba ya nufin ta shekara ɗari biyu. An ci gaba da buga ta da wannan shekara a Biyana, Rum, Landan, Paris da Bombai, miliyoyi bisa miliyoyi. Kenan duk wanda ya ce maka dalar tsohuwarka za ta sayi mota, yi hankali da shi. Na biyu, akwai ƴan bugu na farko masu tsada, kuma ƙananan alamomi ne ke bambanta su. In an goge ƙarfen da toka ko an huda shi, darajarshi ta faɗi. In maƙeri ya narke shi ya yi zobe, shi ke nan.

Don haka ƴan uwa, in akwai tsohuwar dala cikin adakar kaka, kada a yi gaggawar kai ta maƙera. A auna ta, a ɗauki hotonta gaba da baya, sannan a tambayi tsohuwa: wa ya ba ta ita, sadaki ce ko gado? Wannan amsa ba ta cikin kundin kowane Bature, a bakin tsohinmu take, kuma suna tahiya ɗaya bayan ɗaya. Allah shi jiƙan magabata.